AMSAR TAMBAYOYINKU: Me Ke Sa Bindigar Toka Ta Fashe A Hannun Mai Ita?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Tudun Wada, Zariya. Ya ce birai sun addabi gonarsa ta masara, kuma wani ya ba shi shawara wai ya fasa harsashin zamani ya juye garin cikin adakarsa don ta ƙara nisa. Ya kuma ji an ce a Amurka maharba da kansu suke ɗura harsashinsu. Shin gaskiya ne, kuma shi ma ya gwada?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce kada ka kuskura. Ga dalili.

Garin bindiga iri biyu ne. Akwai albarushinmu na gargajiya, baƙi, mai hayaƙi, irin wanda 'yan bindiga ke bugawa ranar Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau. Sai kuma na zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara haɗawa a shekarar 1884. Shi ne ke cikin kwanson harsashin soja da na bindigar harbin tsuntsu. A ido duk gari ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na zamani, muddin aka toshe masa hanya, ƙarfin da yake tarawa ya ninka na gargajiya nesa ba kusa ba. Bindigar da aka ƙera dominsa, da ƙarfe na musamman ake yin ta, kuma sai an jarraba ta a masana'anta kafin ta fita. Ita kuwa adaka, sau da yawa bututun famfo ne ko ƙarfen sitiyarin mota maƙeri ya sarrafa. In ta sha abin da ya fi ƙarfinta, ta gindi take buɗewa, daidai inda fuskarka da hannunka suke.

Batun Amurka kuwa gaskiya ne, amma ba da ka suke yi ba. Suna da littattafan da kamfanonin gari da na harsashi suka buga bayan gwaji, kowace bindiga da irin garinta da iyakar da ba a wucewa. Ma'auninsu shi ake kira giren. Giram ɗaya ya kai giren 15 da ɗoriya. Sikelinsu yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, wato abin da bai fi nauyin ƙwayar gero guda ba. Ka ga wanda ke awo da tafin hannu ba shi cikin wannan lissafi.

Wani abin da suka sani, wanda ya shafe ka kai ma, shi ne nauyin harsashi. Harsashi mai nauyi yakan yi nawar tashi, sai ƙarfin wuta ya taru a bayansa. Shi ya sa duk sa'ad da suka ƙara nauyin harsashi, rage gari suke yi. A nan kuwa sai ka ga mutum ya cika albarushi, ya kuma danna guntayen ƙarfe da ƙusoshi, wai don naman ya faɗi nan take. Wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Ƙarin albarushi ba ya ƙara nisan kirki. Hayaƙi da duka a kafaɗa yake ƙarawa, sannan ya gajiyar da ƙarfe.

Ko da albarushin gargajiyar ma, a kula da waɗannan:

Na ɗaya, ɗuri biyu. Mutum ya ɗura, ya jingine, ya manta, ya sake ɗurawa. Yi wa sandar ɗurinka alama yadda za ka gane ko akwai abu a ciki.

Na biyu, laka ko gidan zanzaro a bakin bindiga. Duba kafin ka fita.

Na uku, in ka ɗana ta ƙi tashi, kada ka leƙa bakinta. Takan yi jinkiri sannan ta tashi. Fuskantar da ita inda ba kowa, ka dakata.

Na huɗu, kada ka zuba albarushi kai tsaye daga gora bayan harbi, don sauran wuta kan laɓe a ciki. Kuma a ajiye shi nesa da murhu, taba da yara.

Sai maganar hukuma. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mallakar harsashin zamani ba da izini ba laifi ne, haka ma haɗa shi a gida. Wannan aikin masana'antu ne irin DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Su kuwa birai, malam, gadi da kare da gwangwani sun fi araha a kan yatsun hannu. Masara in ta lalace, baɗi a sake shukawa; ido ba a sake shi. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da aiko mana da takardu.