Wa zai tsayar da kwamishina ya amsa tambaya? Abin da Sakkwatawa ke cewa kan 'yan majalisarsu

Kalmar majalisa ma'ana biyu gare ta a Sakkwato. Akwai wadda ake jera benci ko a shimfiɗa tabarma bayan La'asar a Mabera, Runjin Sambo, Gawon Nama da Unguwar Rogo. Akwai kuma mai kujeru 30 wadda ake zaɓen mambobinta duk bayan shekara huɗu.

A ta farko ba a hana kowa tambaya. Me ya sa ruwan famfo ke yin kwanaki bai zo ba? Ina aka kwana kan tsaron Sabon Birni, Isa da Goronyo? Wa aka raba wa takin da aka ji sanarwarsa a rediyo? Sai dai babu mai amsawa. A ta biyu kuwa doka ta ba da ikon kiran wanda zai amsa, amma ba kasafai talaka ke jin an tsayar da wani babba an yi masa tambayar da ke cin ransa ba.

Wannan giɓi shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake ji a wuraren shan shayi, da bakin 'yan kabu-kabu, da shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon garin. Ƙorafin ya fi karkata kan hali: ɗan majalisa ya sauya lambar waya da zarar an rantsar da shi, ba a ganinsa a mazaɓa sai da zaman makoki ko ɗaurin aure, kuma idan an soki aikinsa sojojin baka ne ke fitowa su mayar da martani a madadinsa.

Abin da ake gani a waya

Yawancin masu wannan ƙorafi ba su taɓa taka zauren majalisa ba, ta jiha ko ta tarayya. Abin da suka sani game da ita guntayen bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma abin da ke yawo ba ya yi wa 'yan majalisar ado.

A watan Agustan 2023 an ji Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, yana sanar da sanatoci cewa an tura musu wani ɗan abu a asusunsu domin su ji daɗin hutu. Da aka ankarar da shi cewa ana watsa zaman kai tsaye, sai ya janye ya ce addu'o'i aka tura musu. Wannan ya zo ne wata biyu da 'yan kwanaki bayan cire tallafin man fetur.

A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai sama da naira tiriliyan uku a kasafin kuɗin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar ta dakatar da shi na wata uku. A Agustan shekarar kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya faɗa wa kafar cewa yana karɓar naira miliyan 21 a wata na gudanar da ofis. Da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wannan kuɗi albashin ma'aikata 300 ke nan.

Duka hirarrakin biyu da Hausa aka yi su, shi ya sa suka shiga kunnen mai sayar da albasa a kasuwa kamar yadda suka shiga na malamin jami'a. Darasin da mutane da dama suka ɗauka daga lamarin Ningi shi ne, wanda ya yi tambaya a majalisa shi ake hukuntawa.

Sakkwatawa suna da nasu tarihin da wannan zaure. Ranar 20 ga Nuwamban 2014 'yan sanda suka rufe ƙofar Majalisar Tarayya a lokacin da Aminu Waziri Tambuwal, wanda yake Kakakin Majalisar Wakilai kuma bai daɗe da komawa APC ba, ya zo shiga. An ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofa, an kuma harba hayaƙi mai sa hawaye. Har yau idan aka tayar da zancen, wasu na kallonsa a matsayin jarumta, wasu kuma abin kunya.

Ikon yana rubuce

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kundin tsarin mulkin 1999 bai bar 'yan majalisa hannu rabbana ba. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya halarci kowace daga cikin majalisun biyu idan an gayyace shi domin ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 108 ya ɗora irin wannan wajibi a kan kwamishina a gaban majalisar jiha. Sassa na 88 da 89, da kuma 128 da 129 a jihohi, sun ba da ikon bincike da aika sammaci.

Abin da babu shi ne rana tsayayya. Gayyata ce, sai majalisa ta ga dama ta aika, shi kuma wanda aka gayyata sau da yawa sai ya ga dama ya zo.

A 2018 Majalisar Dattawa ta gayyaci Sufeto Janar na 'Yan Sanda Ibrahim Idris har sau uku bai je ba, iyakar abin da ta iya shi ne ayyana shi maƙiyin dimokuraɗiyya, ya kuma ci gaba da zama a kujerarsa. Bayan kisan manoman shinkafa aƙalla 43 a Zabarmari ta Jihar Borno a ƙarshen Nuwamban 2020, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Muhammadu Buhari, har aka sa ranar 10 ga Disamba. Ana gobe sai Ministan Shari'a Abubakar Malami ya fitar da sanarwa cewa majalisar ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa kan yadda yake sarrafa rundunonin tsaro. Buhari bai je ba.

Majalisa ta tara ta yi yunƙurin toshe wannan kafa. A Maris na 2022 ta amince da gyaran da zai ba ta ikon kiran shugaban ƙasa, majalisun jihohi kuma su kira gwamnoni. Gyaran ba ya cikin guda 16 da Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023.

Majalisar Wakilai ta yanzu ƙarƙashin Tajudeen Abbas ta ɓullo da zaman muhawara kan fannoni ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamban 2023 ta gayyaci hafsoshin tsaro, suka turo wakilai, ta mayar da wakilan, sannan daga baya suka zo da kansu bisa jagorancin Janar Christopher Musa, wanda a nan Sakkwato aka haife shi. A Fabrairun 2024 Gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso da Ministan Kuɗi Wale Edun suka bayyana lokacin da naira ke faɗuwa. An ji bayanai masu amfani a zaman biyu. Amma tsarin ya fi kama da lacca: baƙo ya yi dogon jawabi, a tara tambayoyi da yawa a lokaci guda, ya zaɓi waɗanda ya ga dama ya amsa.

Daga Sardauna zuwa Dasuki

Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko suna tuna wani tsari dabam. A wancan lokaci minista ɗan majalisa ne. Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, yana da kujera a zauren Lugard Hall da ke Kaduna tare da ministocinsa, 'yan adawa na fuskantarsu. Shehu Shagari ya shiga Majalisar Wakilai a Legas a 1954, ya zama sakataren majalisa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan minista, duk yana wakiltar mazaɓarsa. Shi ne kuma ya zama shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko a 1979, lokacin da Najeriya ta ajiye tsarin Ingila ta ɗauki na Amurka. Tun daga nan duk ɗan majalisar da aka naɗa minista sai ya bar kujerarsa.

Bayan shekara 45, wani ɗan Sakkwato ne ya tsaya gaban 'yan jarida yana neman a koma tsarin da aka bari. Ranar 14 ga Fabrairun 2024 'yan Majalisar Wakilai 60 daga jam'iyyu daban-daban suka gabatar da ƙudurorin mayar da ƙasar tsarin firaminista nan da 2031, kuma Abdussamad Dasuki mai wakiltar Kebbe da Tambuwal shi ne ya yi magana da yawunsu. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa yana da tsada, kuma ya tara iko a hannun mutanen da naɗa su aka yi, ba sa jin akwai wanda za su yi wa bayani.

Hanyar tana da tsawo. Gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, inda gwamnoni ke da ta cewa.

Ingila ma suna kuka

Masu sha'awar tsarin Ingila sukan kafa hujja da zaman da ake yi kowace Laraba da tsakar rana, inda firaminista ke tsayuwa na kimanin minti 30 yana amsa tambayoyi, shida daga cikinsu daga bakin jagoran 'yan adawa. An tsayar da shi a 1961, kuma Tony Blair ne ya haɗe zama biyu na mako zuwa guda a 1997.

Sai dai su kansu Turawan ba su gamsu da shi ba. Wani bincike da ƙungiyar Hansard Society ta fitar a 2014 ya nuna kashi 67 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna ganin neman maki na jam'iyya ya fi amsa tambaya yawa a zaman, kashi 47 sun ce hayaniya da faɗa sun yi yawa, kashi 12 kacal suka ce yana sa su alfahari da majalisarsu. Duk wanda ya san yadda muhawarar APC da PDP ke zafi a Sakkwato zai iya hasashen yadda irin wannan zama zai kasance idan aka kwafo shi yadda yake. Rabin zaure na kirari, rabi na ihu, sojojin baka na jiran abin da za su yanka su watsa.

Misalin da ya fi kusa da mu, a ganina, na Kenya ne. Su ma tsarin shugaban ƙasa suke bi kuma ministocinsu ba 'yan majalisa ba ne, amma a 2023 majalisarsu ta gyara dokokin zamanta kawai, ministoci suka fara zuwa zaure ranar Laraba suna amsa tambayoyi. A Afirka ta Kudu shugaban ƙasa da kansa yake zuwa lokaci-lokaci a cikin shekara. Ko maƙwabtanmu da ke tsallaken Illela sun taɓa ganin majalisa mai haƙori: a ƙarshen Mayun 2007 'yan majalisar Nijar suka kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna kan badaƙalar kuɗin ilimi. Juyin mulkin Yulin 2023 ya rufe wannan majalisa.

Abin da mutum 30 za su iya

A nan ne zancen ya dawo gida. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, wadda Tukur Bala Bodinga ke shugabanta, ba ta buƙatar jiran Abuja ko 2031. Sashe na 101 ya ba ta ikon tsara yadda take gudanar da zamanta. Tana iya ware rana ɗaya a mako, a fitar da jadawalin kwamishinonin da za su zo, a miƙa tambaya a rubuce kwanaki kafin ranar domin kada wani ya ce bai zo da alƙaluma ba. Wanda ya yi tambayar a ba shi damar bin ta da wata idan an kauce masa, domin a tambaya ta biyu ake gane wanda ya san aikinsa. Sashe na 97 kuma ya halatta wa majalisar jiha ta yi zama da wani harshe na jihar bayan Turanci idan ta amince da hakan, kamar yadda ta Legas ke yi da Yarbanci ranar Alhamis. Zaman da aka yi da Hausa aka watsa a Rediyon Rima zai isa Gudu da Tangaza, inda Lakurawa suka addabi jama'a, kafin jaridar gobe ta fito.

Tambayoyin kuwa ba sai an nemo su ba. Bayan harin jirgin soja na ranar 25 ga Disamban 2024 a Gidan Sama da Rumtuwa cikin Ƙaramar Hukumar Silame, wanda ya kashe fararen hula kusan goma, me iyalansu suka samu? Mutum nawa ne rashin tsaro ya raba da gidajensu a gabashin jihar, kuma a ina 'ya'yansu ke karatu? Tsaro na hannun gwamnatin tarayya, gaskiya ne, amma agaji da makarantun firamare da asibitocin karkara suna da kwamishinoni a Sakkwato. Aminu Boza, ɗan majalisar jiha daga Sabon Birni, ya yi suna wajen fitowa kafafen labarai yana bayyana halin da mazaɓarsa ke ciki. Da akwai irin wannan rana, da tambayoyinsa da amsar da aka ba shi sun shiga kundin majalisa, inda za a iya waiwayarsu bayan wata shida.

Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi, kuma ita aka fi ji a bakin matasa. Suna cewa majalisar jiha ba ta taɓa yin nisa da gidan gwamnati ba, ko wace jam'iyya ke mulki. Lokacin da Tambuwal yana gwamna ya koma PDP a Agustan 2018, mambobi 18 cikin 30 suka bi shi. A tsakiyar 2024, gyaran dokar da ta shafi ikon Sarkin Musulmi na naɗa hakimai da dagatai ya tayar da ƙura har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki a wani taro a Katsina, amma ƙudurin ya wuce, Gwamna Ahmed Aliyu ya sa hannu. Ɗan majalisar da tikitin takararsa ke hannun jagoran jam'iyya, in ji su, ba zai tsananta wa kwamishinan da jagoran ya kawo ba.

Akwai kuma laifin da masu zaɓe ba su cika son a ambata ba. Layin da ke ƙofar gidan ɗan majalisa da safe na masu takardar asibiti ne da kuɗin makaranta da hidimar suna. Wanda ya raba babura da buhunan shinkafa da azumi ya fi samun yabo a kan wanda ya kwana yana karanta kasafin kuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wanda aka yi rana ɗaya da na sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fita a faɗin ƙasar.

Buhari ya sa hannu kan 'yancin kuɗi na majalisun jihohi tun 2018, aka sake ƙarfafa shi a gyaran 2023, don haka a takarda kakaki ba ya buƙatar zuwa gidan gwamnati neman kuɗin gudanar da zama. Sauya dokokin zaman majalisar kuma ba ya buƙatar sa hannun gwamna. Ƙudiri ne da mamba ɗaya zai gabatar, wani ya mara masa baya, a kaɗa ƙuri'a a zauren.