Valletta: Abin da baƙo zai gani a babban birni mafi ƙanƙanta a Tarayyar Turai

A watan Yulin 2024 sunan Malta ya shiga bakin 'yan Najeriya, lokacin da Aliko Dangote ya yi zargin cewa wasu ma'aikatan kamfanin NNPC da dillalan mai sun kafa wurin haɗa fetur a can. Shugaban kamfanin na lokacin, Mele Kyari, ya musanta cewa yana da hannu a ciki. Ƙurar ta lafa, amma mutane da dama ba su san ko ina ƙasar take ba.

Malta tarin tsibirai ce a tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da tsibirin Sicily na Italiya, tana fuskantar Libiya da Tunisiya. Mutanenta sun haura rabin miliyan. Babban birninta, Valletta, bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, mazauna cikinsa kuma ba su kai 6,000 ba. Duk da haka hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, saboda gine-ginen tarihi 320 da ke cikin ganuwarsa. Mai tafiya da ƙafa zai ratsa shi daga ƙofa zuwa bakin teku cikin minti ashirin, kuma kusan kowane gini a hanyar yana da labarin mulki a bayansa.

Yadda aka kafa birnin

A 1530 Sarki Charles na Biyar ya ba wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, wato Baraden Saint John, tsibirin, a kan sharaɗin su riƙa biyan shaho ɗaya duk shekara. A 1565 rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi musu ƙawanya kusan wata huɗu, ta koma ba ta ci su ba. Shugaban baraden, Jean de Valette, ya ga cewa sai da sabon birni mai ganuwa za su tsira nan gaba, sai ya aza harsashinsa a ranar 28 ga Maris, 1566. Daga sunansa birnin ya samo suna. An shata titunan a miƙe, suna ratsa juna kamar gidajen dara, shi ya sa da wuya baƙo ya ɓata.

Napoleon ya kori baraden a 1798, Birtaniya ta karɓe tsibirin a 1800, sannan Malta ta sami 'yancin kai a 1964, shekara huɗu bayan Najeriya. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004.

Daga ƙofar gari zuwa majami'a

Da shigar baƙo ƙofar gari zai ga ginin majalisar dokoki a damansa, wanda Renzo Piano ɗan Italiya ya zana, aka buɗe a 2015. Kusa da shi akwai kufan gidan wasan kwaikwayon da jiragen Jamus suka rushe a 1942. An bar ginshiƙansa a tsaye, ana wasa a cikinsa ba rufi.

Ɗan gaba kaɗan a kan Titin Jamhuriya akwai majami'ar Saint John, wadda aka gina a shekarun 1570. Daga waje ba ta da wani ado, cikinta kuwa zinariya ce da sassaƙa daga ƙasa har sama. Daɓenta kaburbura ne na barade kusan 400, kowanne da murfin dutsen marmara mai launi. A nan ne zanen Caravaggio na 1608 yake, wanda ke nuna fille kan Yahaya mai baftisma, kuma shi kaɗai ne zanen da ya sa wa hannu.

Mai kallon wannan ado ya kamata ya san inda wani ɓangare na dukiyar ya fito. Baya ga kuɗin gonakinsu na Turai, baraden sun daɗe suna tare jiragen Musulmi a teku, suna kwashe kaya da mutane. Akwai kurkukun bayi a cikin Valletta, kuma a 1749 an kashe bayi da dama bayan an gano shirinsu na tawaye.

Wurin tunawa da 'yar jarida

A gefen majami'ar, daura da babbar kotu, akwai gunkin tunawa da ƙawanyar 1565. Yau abin da ke tsayar da mutane a wurin shi ne hotuna da furanni da kyandirori da ake ajiyewa don Daphne Caruana Galizia, 'yar jaridar da aka kashe da bam ɗin da aka dasa a motarta ranar 16 ga Oktoba, 2017. Ita ce ta bankaɗo kamfanonin ɓoye da wani minista da shugaban ma'aikatan firaminista suka buɗe a Panama. Lokacin da ta mutu, akwai ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a kanta.

Gwamnati ta yi ta sa ma'aikata suna kwashe furannin da dare, masu fafutuka suna mayar da su da safe, har kotu ta yanke a Janairun 2020 cewa kwashewar ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. A wannan watan ne Firaminista Joseph Muscat ya sauka, bayan zanga-zangar da ta cika waɗannan tituna. A 2021 kwamitin binciken alƙalai ya ce hukuma na da alhaki a kisan, domin ta bar yanayin da masu ƙarfi ke ganin babu mai hukunta su. An ɗaure mutum uku da suka aiwatar da harin. Shekarun da iyalanta da 'yan ƙasa suka yi suna matsa lamba ne suka kai ga hakan.

Fada, tunga da asibiti

Gaba da nan akwai fadar shugabannin barade, inda ofishin shugaban ƙasa yake, tare da ɗakin adana sulke da takubba. Titin yana ƙarewa a tungar Saint Elmo, inda aka gwabza yaƙi mafi muni a 1565. Gidan tarihin yaƙi da ke cikinta yana ajiye da lambar George Cross da Sarkin Ingila ya ba tsibirin a 1942, wadda hotonta ke jikin tutar ƙasar.

Kusa da tungar akwai tsohon asibitin barade, mai zaure da ya kai mita 155, wanda aka mayar cibiyar taro. A nan ne shugabannin Turai da na Afirka suka zauna a ranakun 11 da 12 ga Nuwamba, 2015, kan batun baƙin haure, aka kafa asusu na musamman da Yuro biliyan 1.8 a farko. Bayan taron ne Nijar ta tsananta aiki da dokarta ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure. An kama direbobi a Agadez, an ƙwace motoci, matafiya kuma suka koma bin hanyoyin hamada masu nisa da rijiyoyi. Gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Lambun Barrakka da harshen mutanen gari

Wurin da baƙi suka fi ɗaukar hoto shi ne lambun Barrakka na sama, inda ake hango babbar tashar jiragen ruwa da tsofaffin garuruwa uku na ƙetare. Ana harba igwa a ƙasan lambun da ƙarfe 12 na rana da kuma 4 na yamma.

Bahaushe da ya kasa kunne a nan zai ji abin da ya sani. Larabawa sun ci tsibirin a 870, kuma harshen Malta daga Larabci ya samo asali, ko da yake da boko ake rubuta shi. Kiristocin ƙasar suna kiran Ubangiji “Alla”, azuminsu kuma “Randan”. Alhamis ita ce Il-Ħamis, Juma'a Il-Ġimgħa, hamsin kuma ħamsin. Tsohon babban birnin ƙasar, wanda motar haya ke kaiwa daga ƙofar Valletta, sunansa Mdina.

Wa ke iya zuwa?

Ɗan Najeriya ko Nijar na buƙatar bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 a 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. Masu tasowa daga Libiya a kwale-kwale, idan sun isa da rai, sukan fara da zama a tsare. Attajirai kuwa, tun daga 2014 Malta ta riƙa ba su fasfo a madadin kuɗi mai yawa, har sai da Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Afrilun 2025 cewa tsarin ya saɓa wa dokar Tarayyar.

Wanda ya sami biza, yini ɗaya ya ishe shi ganin Valletta, kuma bazara da kaka na can sun fi sauƙin zafi da cunkoso. Masu fafutuka suna taruwa a gaban kotu ranar 16 ga kowane wata don tunawa da Daphne. Baƙon da tafiyarsa ta dace da ranar zai iya tsayawa tare da su.