Kornaka: leda ba ta ruɓewa, niƙewa take yi

Matafiyin da ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, in ya ratsa ta Kornaka kashegarin kasuwa, ba ya bukatar mai nuna masa inda aka ci ciniki. Baƙar leda ce ke ba da shaida: ga ta maƙale a ƙaya, ga ta kan dannin gonaki, ga kuma ledojin piya wata barbaje a tasha. Damina na wucewa sai a daina ganin yawancinsu, mutane su ce ƙasa ta cinye su. To ƙasa ba ta cin leda. Rana ce ke gasa ta har ta yi rauni, iska da rairayi su yayyaga ta, kofaton dabba ya niƙe saura, ta koma ɓurɓushi wanda ido ba ya gani, amma tana nan yadda take, roba.

Masana sun fara gano wannan ɓurɓushi ne a teku. A shekarar 2004 wani malamin jami'ar Filimas ta Ingila, Richard Thompson, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yashin gaɓa da ruwan teku cike suke da 'yan gutsattsarin roba. Yau duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba, cikin wannan jinsi ake lissafa shi. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, tsakanin tan miliyan 4,8 da miliyan 12,7 na roba sun faɗa teku daga doron ƙasa. Ƙananan halittun ruwa su haɗiye shi bisa zaton abinci ne, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Kornaka da teku, tunda akwai fiye da kilomita 800 tsakaninsu? Gaskiya ne Gulbin Kaba ya daɗe da zama kwari, sai dai tabkunan damina. Amma Gulbin Maraɗi, in ya kawo ruwa, yana komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima, daga nan sai kogin Sakkwato, sai kogin Isa, wanda ake kira Kwara, har teku. A 2017 masu bincike na Jamus sun sa wannan kogi namu cikin koguna goma na duniya da suka fi kai roba teku, shi da Nilu ne kaɗai daga Afirka. Daga baya, a 2021, wani lissafi ya raba laifin kan koguna fiye da dubu, amma wannan bai wanke mu ba.

Abin da teku ta karɓa kuwa tana mayar mana da shi cikin kwali da buhu. Daskararren kifin da 'yan kasuwa ke saukewa a Maraɗi daga teku yake fitowa, haka ma yawancin farin gishirin miya. A 2018 an gwada gishiri iri 39 daga ƙasashe daban-daban, aka sami ɓurɓushin roba cikin 36. A 2022 kuma, a Amsterdam ta Holan, an auna jinin mutum 22, aka same shi a jinin 17. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2019 kan ruwan sha, ba ta ce a tada hankali ba, ta dai nemi a zurfafa bincike. Saboda haka ba mu ce kowa ya daina cin kifi ba.

Asarar da ta riga ta tabbata a ƙasar Dakwaro ta dabbobi ce. A ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, akuya da saniya ba sa zaɓe, balle ledar da ke ƙanshin ƙosai ko gishiri. Ledar ba ta narkewa a tumbi. Sai ta dunƙule, ta cika wurin abinci. Dabba tana kiwo tana ramewa, mai ita yana ta sayen dussa da magani a banza, har ranar da mahauci zai farke ciki ya fiddo dunƙulen. Duk mahaucin da kuka tambaya ya san wannan. A Dubai, inda likitocin dabbobi suka duba gawar raƙuma kusan 30.000, sun sami irin wannan dunƙule cikin kimanin 300, mafi girmansu ya haura kilo 60. Makiyayinmu ba shi da mai yi masa irin wannan ƙidaya, a kasuwa yake gane asararsa, sa'ad da dillali ya taɓa ƙugun sa ya karya farashi. Manomi ma bai tsira ba, don ledar da ta bi takin gida zuwa gona tana tare ruwa da saiwar hatsi.

Ba doka muka rasa ba. Tun ranar 5 ga watan Nuwamba 2014, doka mai lamba 2014-63 ta hana ƙera siririyar leda, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, da ajiye ta a Nijar. Fiye da shekara goma ke nan, mai tebur na ƙulla sukarin dala biyar a leda, ya kuma sa shi cikin wata ledar. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma can hanin bai tsaya kan takarda ba. Kada kuma mu jira duniya: taron neman yarjejeniya kan roba ya watse ba sakamako a Busan cikin 2024, ya sake watsewa a Janiba cikin Agusta 2025.

A ganinmu bin mai ƙosai da tara zalunci ne, alhali dilolin leda da mota suke shigowa, ta gaban ma'aikatan duwan. Nan ne bakin zaren. Na biyu yana hannun meri, wadda ke karɓar kuɗin kasuwa kowane mako, kuma tana iya ware wani abu don a tattara leda tun kafin dabbobi su shigo fili. Abin da za a maye gurbinta da shi kuwa ba daga waje za a yo odarsa ba. Kwarin nan sunan kaba ya ci, kuma har yanzu matan ƙauyukansa suna saƙa tabarma da faifai da kwando. Abin da suka rasa shi ne ɗan kasuwar da zai ba su aikin jakar cefane ɗari biyar a lokaci guda, ya kuma biya rabin kuɗin tun kafin a yanko kabar.