Sayen gidan haya a Assakio: Abin da ba ya cikin takardar ciniki

A garin Assakio da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam a Jihar Nasarawa, gidan haya mai ɗakuna shida ko takwas jari ne da manomi ko ɗan kasuwa kan zuba kuɗin doya da riɗi a cikinsa. Sai dai wanda ya sayi gida da mutane a ciki ya sayi gini ne tare da alkawuran da tsohon mai gidan ya ɗauka.

Matsala ta farko ita ce kuɗin hayar da aka riga aka biya. Idan ɗan haya ya biya na shekara bayan kaka, aka sayar da gidan a tsakiyar damina, sauran watanninsa na nan daram. Mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa sayar da gida ba ya warware yarjejeniyar haya. Don haka mai saye kan zauna da kowane ɗan haya gaban shaidu, a duba rasit, a cire kuɗin watannin da suka rage daga farashi. Haka nan ake binciken bashin wutar AEDC.

Ta biyu ita ce mallaka. Idan gidan gado ne, sai dukkan magada sun amince. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa filin da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna, kuma a Nasarawa hukumar NAGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan bincike.

Ta uku kuwa, tashin mutane. A tsarin da kotunan Najeriya suka saba bi, in babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai biyan wata kuma na wata guda, sannan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa ko kwance rufin kwano don a tilasta wa mutum fita yana iya mayar da mai gida wanda ake ƙara.

A gari irin Assakio, inda Alago da Eggon da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, ɗan haya na iya zama maƙwabci ko suruki. Tsohon ɗan haya mai biya a kan kari shi ya san inda rufi ke yoyo da lokacin da rijiya ke ƙafewa. Mai gidan da ya fara da gyaran masai da magudanar ruwa kafin ya yi maganar ƙarin kuɗi, shi ne ya fi samun hayarsa ba tare da zuwa kotu ba.