Me Ya Hana Yaron Amsawa?

A 2020, lokacin da aka sa dokar hana fita a ƙananan hukumomin Jema'a, Kaura, Kauru da Zangon Kataf, shingayen bincike sun cika hanyoyi. Mu ɗauka a ɗayansu, a cikin Kafanchan, an tare wani saurayi. Ɗan sanda ya ce, "Ina za ka?" Yaron ya ce, "Ina za ka?" Bai ɗaga ido ba, yana ta kaɗa hannuwa. Da aka damƙi wuyan rigarsa, sai ya ƙwalla ƙara, ya fizge.

Me ke damunsa?

Zato na farko, rashin gaskiya ne. Amma a tarbiyyarmu yaro ba ya haɗa ido da babba, kuma mai laifi kan shirya amsa tun kafin a tambaye shi.

Zato na biyu, ƙwaya ce, tiramadol ko kodin. To, a duba: idonsa bai yi ja ba, ba ya tangaɗi, harshensa bai yi nauyi ba.

Zato na uku, raini. Mai raini yana kallon fuska don ya ga yadda maganarsa ta sauka. Wannan kunnuwansa yake toshewa idan jiniya ta yi kuka.

Idan aka haɗa alamomin, amsa ɗaya ta rage: lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Maimaita magana hanyarsa ce ta riƙe abin da ya ji. Kaɗa hannu yana kwantar masa da hankali. Taɓawar bazata kuwa azaba ce a jikinsa.

Irin wannan kuskure ya faru a fili. A 2017, a garin Buckeye na jihar Arizona a Amurka, wani ɗan sanda ya kayar da yaro ɗan shekara 14 mai wannan lalura, bisa zaton ƙwaya ya sha, alhali da zare yake wasa.

Dokar kare masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu wariya, amma horo ne zai kai ta bakin shinge. Jami'i ya sassauta murya, ya yi tambaya ɗaya, ya jira, kada ya taɓa. Iyaye su gabatar da ɗansu ga DPO, mai unguwa da 'yan banga, su sa masa kati mai lambar waya a aljihu. Duk unguwar da ta san ɗanta, za ta samu mai cewa, "Yallaɓai, ɗan gidanmu ne," kafin a ɗaga kulki.