Uwa ƴar gida, uba baƙo: abin da jinin shanunmu ya faɗa a kan asalinsu

Makiyayi na gaske ya san zuriyar garkensa. Zai nuna maka karsana ya ce ga uwarta, ga kakarta, ga bijimin da aka aro daga rugar wane. Cikin Bororo akwai masu lissafa uwayen saniya da ka har ka gaji da saurare. Amma ƙwaƙwalwar mutum tana da iyaka. Inda ta tsaya, nan masu bincike suke ɗorawa, kuma kayan aikinsu bai wuce ƴan gashin wutsiya ko ɗan jini a kwalba ba.

A cikin jini, da tushen gashi, da tsoka, akwai wani abu da ido ba ya gani, ana ce masa ADN. Shi ne gadon halitta: launi, ƙaho, tozo, yawan nono, jure ƙishirwa, duk a can suke rubuce. Mafi yawansa rabi daga uwa yake zuwa, rabi daga uba. Amma akwai ɗan kaso da ke bin uwa kaɗai, daga saniya zuwa ƴarta, daga ƴarta zuwa jikanya, uba ba shi da hannu a ciki. Akwai kuma wani da ke bin maza kaɗai, daga bijimi zuwa ɗansa. Da daɗewar zamani ƙananan canje-canje suna shiga wannan gado kaɗan-kaɗan. Idan aka gwada na dabbobi biyu, yawan bambancin shi ke nuna tun yaushe kakanninsu suka rabu.

Da wannan hanya aka gane cewa shanun duniya gida biyu ne. A shekarar 1994 masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ailan suka nuna cewa shanu marasa tozo da masu tozo sun rabu tun suna namun daji, shekaru dubu ɗaruruwa kafin ɗan Adam ya fara kiwo. Marasa tozo an horar da su a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Masu tozo kuwa a kwarin kogin Indus, ƙasar Pakistan ta yau, kimanin shekara 8,000.

Waɗanda suka fara kiwo a ƙasarmu, marasa tozo suka kiwata. Lokacin Sahara tana da ciyawa da tafkuna. A Adrar Bous, gefen Tenere, an tono ƙasusuwan saniyar gida da ta haura shekara 5,000, kuma duwatsun Ayar cike suke da zanen shanu. Da ƙasa ta bushe, mutane suka gangaro kudu da dabbobinsu.

To, yau duba garken da ke gabanka. Azawak, Bororo, Bokolo, Jalli na bakin kogi, duk da tozo. Ina waɗancan na farko suka tafi?

Ba su tafi ko'ina ba. Da aka duba gadon da ke bin uwa a shanun Afirka, har da masu tozo, sai aka tarar kusan dukkansu na marasa tozo ne. Da aka duba na maza a shanun Sahel, akasari na masu tozo ne. Ma'ana, ba garkuna aka koro daga Asiya suka maye gurbin na gida ba. Bijimai aka fi kawowa, aka sake su cikin shanun gida, aka riƙa zaɓen ƴaƴansu maza, zuriya bayan zuriya, har tozo ya mamaye garke. Saniyar Azawak da kake tatsa, ta wajen uwa ƴar gida ce tun zamanin da Tenere ke da ruwa.

Hanyar da suka biyo ma ta fito fili. A 2002 cibiyar binciken kiwo ta ILRI da ke Nairobi ta gwada irin shanu 50 daga ƙasashen Afirka 23. Jinin masu tozo ya fi yawa a ƙahon Afirka da gaɓar tekun gabas, yana raguwa idan aka nufo yamma da kudu. Wani binciken na 2020, wanda ya karanta gadon shanu 172 gaba ɗayansa, ya sa babbar gaurayar tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce. Sai kuma ciwon bushiya, wanda ya shigo ta Eritrea a 1887 ya ratsa Sahel cikin ƴan shekaru, ya share garkuna. Da aka zo sake tara dukiya, jinin masu tozo ya ƙara bazuwa. Bushiya dai an kawar da ita daga duniya a 2011, da allurar riga-kafi.

Me ya haɗa wannan tarihi da lafiyar dabba? Kowane gida da abin da ya zo da shi. Masu tozo sun zo da jure zafi, da fari, da doguwar tafiya, kuma kaska ba ta kayar da su da sauƙi. Marasa tozo da suka daɗe a kurmi, irin su Ndama ta Gini da Muturu ta kudancin Najeriya, sun saba da sammore: tsando yana cizonsu, cutar tana shiga, amma jininsu ba ya ƙarewa kamar na namu. Shanunmu na Sahel ba su gaji wannan juriya da yawa ba. Shi ya sa garken da ya yi kudu da rani, wajen Benin ko tsakiyar Najeriya, yakan dawo da rama da kasala. Mai niyyar wannan tafiya ya fara ganin ma'aikacin kiwo tukuna a kan maganin sammore, kada ya dogara da na tebur a kasuwa.

Abu na biyu ya fi shafar ƙungiyoyi. Idan bijimai ƙalilan suka iya canza kamannin shanun nahiya, bijimi ɗaya zai iya canza garken gari cikin ƴan shekaru. Saniya maraƙi ɗaya take bayarwa, shi ma ba kowace shekara ba. Bijimi kuwa yana iya hawan shanu da dama a damina ɗaya. Muna ganin haka a jahar Diffa. Kuri ta tafkin Cadi, mai manyan ƙahonin nan, tana cikin marasa tozo da suka rage mana, amma yawan barbara da bijiman Bororo da na Larabawa ya sa tsantsarta sai raguwa take yi, duk da ƙoƙarin cibiyar Sayam.

Haka batun irin Turai. Nononsu da yawa, ba musu. Amma gadonsu na ƙasar sanyi ne. A garkar da ke bakin Yamai ko Maraɗi, mai inuwa da ruwa da dusa da magani kusa, ruwa-biyu na iya biyan kuɗinsa. Ga garken da ke tafiya daga Abalak zuwa Ingal, a ganinmu asara ce. Wanda yake son ƙarin nono a irin wannan kiwo, ya nemi bijimin Azawak na ƙwarai, irin wanda tashar Tukunus ta daɗe tana zaɓe.

Kafin ƙungiya ta sa kuɗinta a bijimi, a tambayi nonon uwarsa, da yawan haihuwarta, da yadda ta fita daga rani. Kada a bar shi har ya hau ƴaƴansa, domin barbarar dangi na kusa tana kawo ƙananan maruƙa marasa ƙwari. Idan ƴaƴansa mata sun kai, a yi musanya da wata ƙungiyar mai nisa, bayan ma'aikacin kiwo ya duba lafiyar bijiman biyu. A rubuta sunan uwa da uban kowane maraƙi a littafin ƙungiya, da watan da aka haife shi.