Mataccen Batir Na Iya Kashe Sa: Jan Kunne Ga Fataken Injamena

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Injamena ya ga yadda zamani ya canza. A da guzurinmu bai wuce tocila da rediyo ba. Yau kuwa kowane ɗan kore da wayarsa a aljihu, zango ma sai ka tarar da farantin sola da ƙaton batirinsa. Kayan nan sun yi mana rana, don kuwa muna Masakori za mu ji yadda kara ta ci a Maiduguri. To amma idan sun mutu, ina suke zuwa?

Juji suke zuwa, kuma nan ne maganar ta shafe mu. Shanun da muka koro daga Masakori ko Durbali sukan iso bakin gari da yunwa, su yi jiran takardu kafin su haye gadar Ngeli zuwa Kusuri. Kowa ya san halin saniya: abin da ta gani sai ta lasa, kamar ta sami kanwa. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa fasasshen batir na cikin manyan hanyoyin da gubar dalma ke shiga cikin shanu. Batirin mota ko na sola guda ɗaya yana ɗauke da dalma kilo da yawa, wadda ta isa ta kayar da shanu fiye da ɗaya. Maruƙa kuwa sun fi saurin kamuwa.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Dabba ta makance, ta riƙa cizon haƙora tana dalala, ta kafa kai a jikin bango ko itace, wani lokaci ta faɗi tana shure-shure. Wadda ta tsira ma ba ta fita ba, domin dalma takan zauna a hanta da ƙoda da ƙashi, ta kuma bi nono. Ke nan abin da ya fara a juji yana iya ƙarewa a mayankar Farsha, ko a ƙwaryar furar yaranmu.

Ba batir kaɗai ba. Akwai dalma a gilashin tsohon talabijin mai ƙeya, akwai zaiba a cikin dogon ƙwan lantarki, ga kuma hayaƙin wayoyin da yara ke ƙonawa don cire jan ƙarfe, wanda tokarsa ke sauka a kan ciyawa.

Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2003, ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2006, wadda ta taƙaita guba iri 6 a cikin kayan lantarki, ciki har da dalma da zaiba da kadmiyam. A 2015 aka ƙara wasu 4. Madalla da wannan, amma kada mu saki jiki. Na farko, dokar ta kayan da za a sayar a kasuwar Turai ce, ba ta bin kwance da ake jibgo mana. Na biyu, batir yana da tasa dokar daban, kuma har gobe ana ƙera na dalma. A nan Afirka muna da Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba, sai dai takarda ba ta tsare saniya a bakin juji.

Wanda ke ganin abin wasa ne, ya tuna Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. A bayan garin Dakar kuma, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu a unguwar da ake fasa tsofaffin batura. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mene ne namu? Mu ja wa 'yan kore kunne, kada su tsayar da garke kusa da juji ko garejin makanikai, ko da ciyawar ta kai gwiwa. Kada a shayar da dabba a kududdufin da ruwan bola ke gangarowa, balle a shekarar ambaliya irin ta 2022, lokacin da Shari da Logon suka shiga unguwanni. Batirin da ya mutu a mayar wa mai sayarwa. Kada a fasa shi, kada a mai da kwankonsa abin zuba dusa. Sarakunan zango su ware wuri mai rufi na tara irin waɗannan kaya. Dabbar da ta nuna alamun nan kuwa, a kira likita, kada a yi gaggawar kai ta wurin mahauci don gudun asara, domin wuta ba ta kashe dalma.

Mun iya tsare dukiyarmu daga ɓarawo da kura. Wannan maƙiyin ba ya kuka, ba ya barin sawu, sai mu buɗe ido. Rigakafi dai ya fi magani.